Kalma Ɗaya a Takardar Malam Isuhu

Akwai wata ranar Alhamis da har gobe ba za ta fita daga raina ba. Ranar ce na hau bene hawa na goma sha huɗu a wani gida da ke Bukit Jalil, zoben lu'ulu'u a aljihuna, allon wasa a hammatata, kwalin karta a hannuna, kuma wallahi ban san wanne daga cikinsu aka aike ni in kawo ba.

Tunda yawancinku sababbi ne, bari in fara da yadda aikin yake a lokacin. Ni Habibu, mutumin Haɗeja ne, karatun digiri na biyu ya kawo ni Kuala Lumpur. Da na gama, wannan kamfani ya ɗauke ni. Aikinmu a da shi ne aikinmu a yau: mu tarbi mutanen da suka zo neman magani daga ƙasashenmu, mu sama musu masauki, mu raka su asibiti, mu yi musu tafinta tsakaninsu da likita. Matakan aiki huɗu ne. Mutum yakan fara da jami'in rakiya na gwaji har wata uku, sannan cikakken jami'i, sannan babban jami'i, sai manaja a sama. Manajarmu a lokacin Puan Rohana ce, 'yar Malesiya, mai fara'a amma ba ta wasa da ƙa'ida. Ni kuwa saura mako biyu in gama gwaji.

Muna da wata takarda da muke kira takardar mako. Duk Litinin direbanmu Raju yakan zaga masaukan baƙi, ya ba kowa ya cike, ya dawo da ita ofis. Da Turanci aka buga ta, gida biyu ne a jiki. Na sama yana tambaya yaya baƙo yake ji, na ƙasa yana tambaya me yake buƙata. Ƙa'ida ita ce duk abin da baƙo ya nema a biya masa kafin Alhamis ta wuce. Jami'in gwajin da aka kawo ƙararsa kan wannan, to ya fara neman wani aikin.

Baƙi shida ne a hannuna, cikinsu har da Malam Isuhu. Dattijo ne mutumin Maraɗi, tsohon shugaban makaranta da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Faransanci. An yi masa aikin gwiwa. Ɗansa Laminu ne ya kawo shi, ya tsaya har aka sallame shi daga asibiti, sannan hutunsa ya ƙare ya koma bakin aiki a Yamai. Uwargidansa, Hajiya Zalika, ta tsaya jinyar 'yarsu da ta haihu, sai Asabar mai zuwa za ta iso. Akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Indunusiya da take wuni da shi, amma ita ba ta jin Hausa ko Faransanci, shi kuma Turancinsa na gaisuwa ne. Ni da nake jin yarensa, sau biyu a mako nake ganinsa, in kai shi wurin likitar motsa jiki, in dawo da shi, in ruga wurin wani. A makon nan likitar ta fara ƙorafi. Ta ce dattijon ya daina atisayen da aka ba shi, kuma idan gwiwar ta sandare a haka, aikin da aka yi ya tashi a banza. Abincin ma da ake kai masa, rabi yake dawowa.

Ran Litinin Raju ya ajiye min takardun. Da na zo kan ta Malam Isuhu, sai na ga kalma ɗaya tak, da manyan baƙaƙe, ta ɗan karkace ta faɗa gidan ƙasa: solitaire.

Na juya takardar, babu komai a baya. Na kira wayarsa sau biyu bai ɗauka ba, dama idan ya cire na'urar kunnensa ba ya jin ƙarar waya. Na kai wa Puan Rohana. Tana gani ta yi murmushi, ta ɗaga hannunta na hagu ta kaɗa min yatsa.

Ta ce, "Wannan ne mana. Zobe mai dutse ɗaya. Ba ka ce matarsa za ta zo ba? Tsohon ya san abin da yake yi."

Raju yana bakin ƙofa yana shan shayi, ya ce shi bai yarda ba. Ya ciro wayarsa ya nuna mana wasan karta da yake yi kullum idan yana jiranmu a wurin ajiye motoci na asibiti. Ya ce sunansa ke nan, mutum ɗaya ke yin sa, kuma duk wanda ciwo ya zaunar wuri ɗaya abin da zai nema ke nan.

Na buɗe ƙamus a wayata don in raba gardama, sai ƙamus ya ƙara rikita ni. Ga zoben, ga kartar, ga kuma wani wasa da ake yi a kan allo mai ramuka da duwatsu, ga har wani tsuntsu. Tsuntsun dai na cire shi daga lissafi, tunda an ce ya ƙare a duniya. A can ƙasa akwai wata ma'ana da aka ce tsohuwar magana ce, ba a cika amfani da ita ba. Ko tsayawa ban yi a kanta ba.

Na kira Laminu a Yamai. Ya ce bana iyayensa suke cika shekara arba'in da aure, don haka zobe ba abin mamaki ba ne, ko da yake bai taɓa ganin Baba ya saya wa Inna ko ɗan kunne ba. Ya ce amma fa Baba yana son wasannin kaifafa tunani. Na ce to bari in je in tambaye shi kawai.

Ya ce, "Kai, Malam Habibu, ka rufa wa kanka asiri. Baba ya tsani a tambaye shi abu sau biyu. Mu da ya haifa ma ba ma yi. Ka dai duba abin da ya dace."

Gaskiyar magana, ba tsoron dattijon kaɗai ya hana ni ba. Kunya ma ta hana ni. Ni mai digiri na biyu, wanda aka ɗauka don ya fassara wa mutane magana, in je in ce kalma ɗaya ta gagare ni? Sai na yanke shawarar da na ga ta fi wayo: in kai masa duka ukun, ya zaɓa.

Ran Laraba na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Masjid Jamek na taka zuwa Jalan Masjid India, shagon wani maƙerin zinariya Ba'indiye da muka saba kai masa baƙi. Ina faɗin kalmar ya shimfiɗa ƙyalle mai laushi ya jera min zobba biyar. Ya ce abin da ya sa ake kiransa haka, dutse ɗaya ne a zaune shi kaɗai, ba a kewaye shi da ƙanana ba, don kada wani abu ya raba ido da shi. Ya tambaye ni girman yatsan Hajiya. Na ce ko fuskarta ban taɓa gani ba. Ya yi dariya, ya kira Puan Rohana a waya, ta amince da sunan kamfani, ya ba ni matsakaici a kan idan bai yi ba in dawo da shi. Daga nan har na sauka daga jirgi hannuna bai bar aljihuna ba. Duk wanda ya matso kusa da ni sai na bi shi da kallo, har wata tsohuwa ta tashi ta canza wurin zama.

Allon na sha wuya kafin in same shi. Shago uku suna miƙo min nasu na gargajiya mai kama da darar gidanmu. A na huɗu ne wata 'yar Sin ta hau tsani ta sauko da wani kwali da ƙura ta rufe. Kartar kuwa a wani ƙaramin kedai, wato shagon unguwa, kusa da gidana a Wangsa Maju na saya. Ni da a gidanmu ko sunan karta ba a ambata, ina miƙa hannu in karɓa sai na ji sallama a bayana. Malam Auwalu ne, ɗalibin digiri na uku da yake ja mana salla a unguwar. Ya dubi kwalin, ya dube ni.

Na ce, "Malam, ta aiki ce."

Ya ce, "Allah ya kyauta aikin, Malam Habibu."

Dole na tsaya na ba shi labari tun daga farko. Ya yi ta dariya, ya ce in sanar da shi yadda aka ƙare.

Ran Alhamis da hantsi na isa Bukit Jalil. Mai jinyar ta buɗe min. Malam Isuhu yana kan kujera a bakin taga, ƙafarsa miƙe a kan matashi, yana kallon jiragen ƙasa suna wucewa a can ƙasa. Farantin karin kumallonsa na gefe ba a taɓa ba. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi jiki. Ya saka na'urar kunnensa ya amsa a taƙaice.

Na ce, "Baba, saƙonka na takarda ya iso. Ga su na kawo."

Na ajiye kartar a kan tebur. Na buɗe allon na jera duwatsunsa. Sannan na ciro ƙaramin akwatin na buɗe. Ya ɗauki tabarau ya saka, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Mi ne ne wanga, ɗana?"

Na ce, "Solitaire, Baba. Na ga kalmar tana da ma'ana da yawa, shi ne na ce kada in yi kuskure."

Ya sake duban kayan. Sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Dariya ce ta ƙwace masa, irin wadda ba ta fita da sauti da farko. Ya cire tabarau yana share hawaye, yana dukan hannun kujera. Mai jinyar ta fito daga kicin a guje, ta zaci wani abu ne ya same shi.

Da ya samu numfashi ya ce, "To ina tsuntsun? Ka kawo uku ka bar tsuntsu?"

Na ce, "Baba, an ce ya ƙare."

Ya ce, "Allah ya taimake ka da ba ƙamus ɗin Faransanci ka buɗe ba. Can tsilar ciki ma haka ake kiran ta. Da ita ma ka kawo min a kwalba!"

Ya nuna min kujera ya ce in zauna. Nan take dattijon da na sani mai gajeriyar magana ya ɓace, malamin makaranta ya fito. Ya sa na miƙo masa biro da bayan wata takardar magani. Ya ce kalmar ba ta Ingilishi ba ce, aro suka yi daga Faransawa, su ma Faransawan gado suka ci daga Latin, tsohon harshen Rumawa. Ya rubuta solus, ya ja layi a ƙarƙashi, ya ce ma'anarsa shi kaɗai. Daga nan aka samu solitarius, wato mai zama shi kaɗai. Ya ce tun asali mutum ake kira da ita, wanda ya janye daga jama'a ya koma gefe. Sauran duk daga baya suka biyo, kuma duk hanya ɗaya suka bi. Dutsen zobe shi kaɗai yake. Wasan allo mutum ɗaya ke yi, dutse yana tsallake dutse ana cirewa har ya rage saura ɗaya a tsakiya. Kartar ma ba a buƙatar abokin wasa, ya ce Amurkawa ne suka fi kiran ta haka, Ingilishi kuwa da kalmarsu ta haƙuri suke kiran ta. Tsuntsun a wani tsibiri na tekun Indiya ya rayu, ba ya iya tashi, waɗanda suka fara ganinsa sun lura ba kasafai yake tafiya cikin garke ba. Tsila kuma, mutanen da sun ɗauka ɗaya tak take zama a cikin mutum.

Ya ce, "Shekara talatin da biyar ina koya wa yara wanga a lakwal. Ba wanda ya taɓa kawo min darasin a hannu sai kai."

Na ce, "To Baba, cikin ukun wanne ka nema?"

Ya ajiye biron. Ya ce, "Ba ko ɗaya. Takardarku ta tambaye ni yaya nike ji, na ba ta amsa. Hannuna ne ya yi rawa, rubutun ya sauka ƙasa."

Ya juya wajen taga. Ya ce kwana goma sha ɗaya ke nan bai yi hira da kowa ba. A Maraɗi, daga asuba zuwa isha ƙofar gidansa ba ta rabuwa da mutane, tsofaffin ɗalibai, maƙwabta, masu neman a rubuta musu wasiƙa. A nan kuwa an ɗora shi a sama kamar tulu a kan maratayi, yana kallon mutane ƙanana a ƙasa, ba mai ce masa sannu da harshen da yake ji. Ya ce yarinyar nan mai jinya tana da kirki, amma sai dai su yi wa juna murmushi. Ya ce, "In miƙe in taka, in je ina? Wurin wa?"

Kunya ta rufe ni. Sau biyu a mako ina zama da shi a mota, ina latsa waya ina amsa saƙon wasu baƙin, ban taɓa tambayarsa ko sunan unguwarsu ba. Na ce, "Baba, ka yafe min. Laifina ne." Ya ce ba komai, ai ga shi na ba shi dariyar da rabonsa da ita tun yana gida. Muna cikin magana ya jawo farantin nan ya fara ci, bai ma lura ba. Na kira wanda zan kai asibiti da rana na roƙi Raju ya kai shi, na zauna har la'asar. Ya koya min wasan allon, na ƙare da duwatsu bakwai, ya ce da a ajinsa nake da na maimaita shekara.

Da zan tafi na kai hannu zan ɗauki zoben. Ya dafe akwatin.

Ya ce, "Bar wanga nan tukuna. Shekara arba'in tunanin bai zo min ba. Kuskurenka ya fi dabarata."

Na koma ofis na faɗa wa Puan Rohana gaskiya, ban rage komai ba, har da cewa ma'anar tana cikin ƙamus na tsallake ta. Ta sake duba takardar. Na ce ina neman izinin mota gobe Juma'a, ba don asibiti ba. Ta ce, "Boleh." Wato an yarda.

Washegari muka kai shi sallar Juma'a a Masjid Jamek a keken marasa lafiya. Na riga na kira Malam Auwalu, don haka ana idar da salla sai ga 'yan uwa ɗalibai kusan goma sun kewaye shi suna gaisuwa. Daga nan Wangsa Maju muka wuce, gidan Malam Auwalu, inda maiɗakinsa ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. 'Ya'yan gidan, haihuwar nan, ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci. Malam Isuhu ya ji haka ya ce ba a gabansa ba. Akwai ƙaramin farin allo a bango da Malam Auwalu yake tsara bincikensa. Ina kallo dattijon nan ya kama sandarsa, ya miƙe da kansa, ya taka har gaban allon, don ya ce shi bai taɓa koyarwa a zaune ba. Daga ranar ɗaliban suka raba kwanaki, kullum akwai mai zuwa Bukit Jalil bayan lacca. Mako guda bayan haka likitar motsa jiki ta tambaye ni wane magani muka canza masa.

Hajiya Zalika ta iso ran Asabar. Ni na ɗauko ta daga filin jirgi, kuma ina nan lokacin da ya miƙa mata akwatin yana kallon gefe kamar saurayi. Ta buɗe, ta dube shi, ta dube ni.

Ta ce, "Ɗan nan, gaya min gaskiya. Gwiwa kaɗai suka taɓa, ko har da kai?"

Zoben bai shiga ko'ina ba sai ƙaramin yatsanta. Na ce a kai wa maƙerin ya buɗa shi. Ta ce ba inda za shi, kada a je a dawo mata da labarin wani kuskuren.

An tabbatar da ni a aiki a ƙarshen watan. A taron da ya biyo baya Puan Rohana ta sa aka sake buga takardar mako da Hausa da Faransanci, kuma ta ce daga yau ba direba zai karɓo ta ba. Jami'in da baƙon yake hannunsa shi zai je, ya zauna, a cike ta a gabansa. Wannan rabin awar da kuke gani a jadawalinku an rubuta zama da baƙo, wadda wasunku suke ganin ɓata lokaci ce, daga nan ta samo asali.

Abin da na koya, mutanen da muke tarba manya ne a garuruwansu. Ba su saba roƙo ba, ba su saba cewa abu ya dame su ba. Idan ta kai su ga faɗa, sau ɗaya za su faɗa, a gajarce, wani lokacin ma a gidan da ba nan ya kamata ba. Mu kuma aikin yakan sa mu ɗauka duk matsala abu ce da za a sayo a kawo. Na yi shekaru a nan, na ga an sallami wanda ya makara, na ga an sallami wanda ya yi ƙarya, amma ban taɓa ganin an sallami wanda ya je gaban baƙo ya ce, "Baba, ban gane ba, ƙara min bayani." Don haka idan takarda ta rikita ku, kada ku tara mu a ofis muna ta hasashe. Ku hau jirgin ƙasa ku je, ku yi sallama, ku nemi kujera. Mai maganar yana nan da ransa, kuma sau da yawa zuwan naku shi ne abin da ya nema.